Yadda ake haɗa ɗakin 'yar tsana na roba da yi masa jere

Ɗakin 'yar tsana na roba a wargaje yake zuwa cikin kwali: bango daban, rufi daban, matattakala, ƙyamare, tagogi, takardar sitika, wani lokaci da 'yar leda mai ɗauke da ƙananan sukuru. Ko daga Kasuwar Sabon Gari ta Kano aka sayo shi, ko tsaraba aka kawo, waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafi da zafin watan Afrilu a ɗakin kwano a Ringim ba, balle ƙurar hunturu ta Ɗambatta. Abin da ke kashe shi kafin a kai ko'ina shi ne gam da bai dace da robar ba, da fentin da ke cinye ta, da rana. Sai kuma gaggawa, domin da zarar an buɗe kwalin yara sun yi da'ira, kowa na miƙo hannu. Gara a ware wa aikin kwana uku, a faɗa wa yarinyar da aka saya wa ɗakin haka tun farko.

A shimfiɗa tabarma a inuwa, inda iska ke ratsawa, a zazzage kayan cikin babban faranti mai baki don kada ƙanana su gangara cikin rairayi. A ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da hoton da ke takardar bayani. Sukuru a zuba su a kwalin ashana. Ƙananan kayan da suka zo manne a jikin sandunan roba kada a murɗe su da hannu, murɗawa na barin farin tabo ko ta ɓalle gefen. Abin yankan farce ya fi komai dacewa: a yanke nesa kaɗan da jikin kayan, ragowar a goge da samfefa.

A fara sanin irin robar

Nan ne gindin aikin. A juya bango ko ƙasan ɗakin, sau da yawa akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 6 ko haruffan PS roba ce mai tauri da ƙyalli, mai ƙara in ta faɗi ƙasa, tana yin fari ta karye in an lanƙwasa ta. Robar da ke da haruffan ABS ta fi ta ƙwari, amma a wajen gam da fenti halinsu kusan ɗaya ne, duk suna karɓa. Lamba 5 ko PP, da lamba 2, su ne irin robar bokiti da kujera: masu santsi kamar an shafa musu mai, suna lanƙwasuwa ba sa karyewa, kuma gam ba ya kama su sosai, fenti ma ɓarewa yake yi kamar ɓawon albasa.

In babu alama, a yanko guntun sandar da aka cire kayan daga jikinta, a jefa a kofin ruwa, a danna shi ƙasa da yatsa don kumfar iska ta sake shi. In ya taso sama, PP ce ko 'yar uwarta, saboda sun fi ruwa rashin nauyi. In ya nutse, PS ce ko ABS. Kada a yar da waɗannan sanduna, a kansu za a gwada kowane gam da kowane fenti kafin a taɓa ɗakin.

Daga nan a wanke komai da ruwan omo mai ɗumi-ɗumi. Robar na fitowa daga masana'anta da wani siririn maiƙo da ake shafa wa mazubi don ta saku, ido ba ya ganinsa, amma shi ke hana sitika da fenti zama. A ɗauraye, a jera a inuwa a kan tsumma mai tsabta. A inuwa, ba a rana ba.

Bangon da ya zo a kantare kada a danne shi da ƙarfi cikin mazauninsa, zai tsage ko ya riƙa turo sauran. A haɗa kofi biyu na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan randa a faranti, a tsoma bangon kamar daƙiƙa 30, a fito da shi a sa tsakanin katako biyu masu miƙe, a ɗora bulo a kai har ya huce. In bai miƙe ba a maimaita. Kada a kanga shi a garwashi ko kyandir, wuri ɗaya zai narke kafin sauran su yi laushi.

Gwajin haɗi, sannan gam

A haɗa ɗakin gaba ɗaya ba tare da gam ba, a riƙe kusurwoyi da salatif. A nan ake gane bangon dama da na hagu, waɗanda sukan yi kama sai dai ramukansu sun bambanta. Haƙorin da ya ƙi shiga raminsa a kankare gefensa kaɗan da reza, a sake gwadawa. A rubuta lamba da fensir a bayan kowane bango, sannan a wargaza; gam da sukuru sai a haɗin ƙarshe, bayan an gama fenti.

Da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna ba sa buƙatar gam ko ɗigo, haƙora da sukuru sun isa, kuma in na PP ne dama wannan ce hanyar da ta fi tabbas. Wajen ɗaura sukuru a tsaya da zarar kansa ya taɓa robar. Juyi ɗaya na ƙari shi ke tsaga ramin, kuma ba lallai tsagar ta bayyana nan take ba. In ramin ya riga ya yi faɗi, a cusa ɗan sili na ashana a ciki a sake ɗaurawa.

Ga PS da ABS, sufa gulu na aiki, amma kaɗan. A matsa shi a kan murfin kwalba, a riƙa ɗiba da tsinke, ɗigo ɗaya a kowane santimita 3 ko 4 na haɗin, a riƙe daƙiƙa 30. Mai yawa ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya daɗe bai bushe ba ya kuma zubo. Kada a kai shi kusa da tagogi masu kama da gilashi, tururinsa na yi musu farin hazo da ba ya gogewa. Tagogi farin gam na kafintoci ake sa musu, wanda ke komawa garai in ya bushe. Kada kuma a goge sufa gulu da auduga ko tsumman auduga, haɗuwarsu na yin zafin da kan ƙona yatsa. In ya manne fata a jiƙa a ruwan sabulu mai ɗumi a murza a hankali, kada a fizge.

Sholisho da gam ɗin masu gyaran takalmi a bar su can, sinadarin da ke cikinsu na narkar da PS har bango ya lotsa. Haka tina, fetur, da ruwan goge jan farce.

Fenti da bango

Cikin ɗaki ana yi masa ado ne kafin a haɗa, domin bayan an rufe, hannun babba ba ya kai wa lungu. A bi fuskar da za a yi wa fenti da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, har ƙyallin ya dushe kawai. A goge da ɗanyen tsumma. Busasshen tsumma na sa roba ta riƙa jawo ƙura, musamman da hunturu.

Fentin da ya dace shi ne akirilik, na ruwa, wanda masu zane ke saya a ƙananan robobi a shagunan kayan makaranta. Fentin mai na ƙofa da taga yakan daɗe yana danƙo a jikin roba, na bangon gida kuma ɓarewa yake yi. A sirka cokali biyu na fenti da kusan rabin cokali na ruwa, a shafa siriri sau biyu ko uku. Shafin farko zai fito da zane-zane kamar bai kama ba, haka yake, kada a ƙara masa kauri. Da rani minti 30 tsakanin shafi da shafi ya isa, da damina a ba shi awa biyu. A kife babban kwali ko baho a kai yayin bushewa saboda ƙura da ƙuda. Kada fenti ya taɓa haƙora da ramuka, kaurinsa kaɗai na hana su shiga juna. A bari ya kwana kafin a haɗa.

Ɗakin PP a haƙura da fenti. A yanka siririn kwali daidai girman bangon, a lulluɓe shi da ƙyalle ko takarda mai ado da farin gam, a saƙala shi ciki. Wannan ma ya fi, don ana iya canzawa in ya yi datti. Kada a yi amfani da kullun rogo ko koko a matsayin gam, kyankyasai da ɓera za su bi shi.

Haɗin ƙarshe daga ƙasa yake farawa: daɓe, bangon baya, bangon gefe biyu, bangon tsakiya, daɓen bene, matattakala, rufi a ƙarshe. A kowace kusurwa a kara gefen littafi mai kwali a ga ko ta tsaya daidai kafin gam ya kama, don ɗan karkacen ƙasa yana zama babba in an kai rufi. A ɗora ɗakin a kan falankin katako da ya fi shi faɗi da santimita 5 a kowane gefe. Daɓenmu ba kasafai yake miƙe ba, kuma da katakon ake ɗaga ɗakin, ba da rufi ba.

Jere

Kayan da ke zuwa cikin kwalin na gidan wasu ne: bahon wanka na kwance, murhun ɗumama ɗaki, teburin cin abinci. Yarinyar da ta tashi tana ganin jeren ɗakin yayarta amarya za ta fi daɗewa tana wasa da ɗakin da ta gane. Sai dai a kiyaye ma'auni, in ba haka ba gado zai fi ƙofa tsawo. A auna ƙofar ɗakin. In ta kai santimita 16 ko 17, ma'aunin 1 bisa 12 ne, wato ƙafa ɗaya ta gaske inci ɗaya ce a nan, gado mai ƙafa 6 zai zama inci 6, kimanin santimita 15. In ƙofar santimita 8 ce, 1 bisa 24 ne, gadon santimita 7 da rabi. Doguwar 'yar tsana mai santimita 30 sai ɗakin 1 bisa 6, ba ta shiga waɗancan.

Karan dawa ya fi komai amfani a nan, kuma yaran ƙauye sun riga sun iya shi. Ɓargon ciki shi ne ƙafafu da ginshiƙai, siraran ɓawon su ne kusoshi da sanduna. Da su ake yin gado, kujera 'yar tsugunno, da kantar jere. A zaɓi busasshen kara wanda ƙwaro bai huda ba, a goge kaifin ɓawon da samfefa don yana yanka. Katifa guntun soso ne mai kaurin santimita 1, a naɗe shi da ƙyalle. Ragowar atamfa da leshi a wajen tela ake samu, amma a zaɓi mai ƙananan zane, domin fure ɗaya na babbar atamfa sai ya cinye bango guda. Labule a yanka shi ninki ɗaya da rabi na faɗin ƙofa don ya tattaru, a shafa farin gam a bakinsa maimakon kalmasa, a zura a tsinken tsintsiya.

Kwalin ashana uku a manne a kan juna sun zama durowa mai jawowa, dutsen ado ɗaya a gaban kowanne shi ne mariƙi. Murfin gorar ruwa, mai faɗin kusan santimita 3, tukunya ce ko kwalla a ɗakin 1 bisa 12. A yi wa guda shida farin fenti, a ɗiga musu fure ja da kore da bakin tsinke, a jera a kanta, an samu jeren samira. Murfin kwalbar lemo na ƙarfe yana da kaifi kuma yana tsatsa, a bar shi. Tabarma da faifai daga tsagaggiyar kaba, randa da turmi daga yumɓu a busar a inuwa, ledar ƙasa daga guntun ledar ɗaki ta gaske. A gaban ɗakin ana iya zana dagi da fensir a bi shi da siririn burushi, a yanka zanko huɗu daga kwali mai kauri a kafa a kusurwoyin sama in rufin shimfiɗaɗɗe ne.

Fitila in za a sa, a nemi siririyar wayar LED mai aiki da batirin AA, irin na agogon bango, a manne akwatin batirin a bayan ɗakin. Wadda ke amfani da batir mai kama da maɓalli a cire ta gaba ɗaya in akwai ƙanana a gidan. Irin wannan batir in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu, abin a garzaya asibiti ne nan take, ba a jira a gani ba. Kyandir ko aci-balbal kada su kusanci ɗakin ko da wasa. A huda rami mai faɗin santimita 3.2 a jikin kwali, duk abin da ya wuce ta ciki a ɓoye shi daga yaron da bai kai shekara uku ba, ko a manne shi dindindin.

Wurin ajiya ya zama nesa da taga da kuma ƙasan kwano, don a bazara zafi na haura digiri 40 a inuwa ma, rufin roba kuma shi ke fara lotsawa. A ɗora shi a kan tebur ko akwati, ba a jingine da bangon ƙasa ba saboda gara na bin katakon da karan. A ɗinka masa riga da tsohon zane a riƙa rufewa, a cire batir in za a daɗe ba a kunna ba. Abin da ke fara karyewa shi ne ɗan ƙusar robar da ƙyaure ke juyawa a kai. In ta karye a ɗumama bakin allura a huda wurin, a zura guntun waya mai kauri tsawon santimita 1, a ɗiga sufa gulu a gefen ƙyauren kawai, ɗaya gefen a bar shi ya riƙa juyawa.