Yadda Ake Gane Alƙiblar Farashi a Kasuwar Hannun Jari ta Legas

Jadawalin farashi ba duba ba ne. Abin da yake nuna maka shi ne inda masu saye da masu sayarwa suka karkata, da kuma ko karkatar tana da ƙarfi. Ga yadda ake karanta shi a kan hannayen jarin da ake cinikinsu a NGX, kasuwar da ke titin Customs a tsibirin Legas.

Fara da kasuwar baki ɗaya. Buɗe jadawalin ASI, ma'aunin da ke tattara farashin duk kamfanonin kasuwar, wanda aka fara ƙirga shi daga maki 100 a 1984, ka sa shi a kan mako-mako na shekara biyu ko uku. Idan kowane tudu ya fi na baya tsawo, kowane kwari kuma ya tsaya sama da na baya, kasuwa hawa take. Idan tudun da kwarin duka suna yin ƙasa, gangara ce, kuma a irin wannan lokaci ko kamfani mai kyau yakan bi ayari. Haka aka gani a 2008: ma'aunin ya haura maki 66,000 a watan Maris, kafin shekara ta zagayo ya zubar da fiye da rabi.

Sai ka koma kan kamfanin da kake so, jadawalin kullum. Ɗora layi biyu: matsakaicin farashin rufewa na kwana 50 da na kwana 200. Manhajar dillalinka ko TradingView za ta zana maka su. Farashi a saman duka biyun, layin 50 kuma a saman na 200, alama ce ta hawa. Amma layukan nan bin baya suke yi, domin da tsohon farashi aka gina su. Kafin su gitta juna, wani ɓangare na tafiyar ya riga ya wuce. A kasuwar da ke kai da komo wuri ɗaya kuwa, za su yi ta gittawa suna sa ka saye da sayarwa a banza.

Daga nan nemo daɓe da rufi. Daɓe shi ne farashin da aka sauko kansa sau biyu ko uku aka juya sama, rufi kuma inda aka taɓa aka dawo. A ce hannun jari ya yi wata huɗu tsakanin naira 47 da naira 51. Ranar da ya rufe a 52, ya fasa rufi ke nan. Kada ka yi gaggawa tukuna, dubi sandunan da ke ƙasan jadawalin, masu nuna yawan hannayen jarin da aka yi ciniki.

Nan ne mutane suka fi faɗawa. Kamfanoni da yawa a NGX cinikinsu kaɗan ne, wasu ma galibin jarinsu yana hannun mai kamfanin, abin da ke yawo a kasuwa bai taka kara ya karya ba. Mutum biyu ko uku za su iya ɗaga farashin irin wannan. Kwandon tumatir ɗaya da aka sayar da tsada a Mile 12 ai bai zama farashin kasuwa ba. Don haka kwatanta cinikin ranar da matsakaicin na kwana 20 da suka wuce. In ya ninka ko ya kusa, fasawar tana da goyon baya. In bai kai na kullum ba, jira kwana biyu ka ga ko farashin zai zauna a saman 51. Kamfanin da jadawalinsa ke kwance kamar layin rula na makonni, sannan ya yi tsalle, bar shi. Babu abin karantawa a ciki.

RSI, ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi da Welles Wilder ya fito da shi a 1978, ana sa shi a kwana 14. Sama da 70 an yi zafin saye, ƙasa da 30 an yi zafin sayarwa. Kada ka sayar don kawai ya kai 70, a hawa mai ƙarfi yakan yi makonni a can. Abin lura shi ne farashi ya yi sabon tudu amma RSI ya kasa kai nasa tudun na baya, alamar ƙarfin hawan ya fara raguwa ke nan.

Akwai faɗuwar da ba faɗuwa ba ce. Ranar da aka cire ribar da za a raba wa masu jari, kasuwa takan rage farashin daidai da kuɗin ribar, haka ma bayan kyautar ƙarin hannun jari. Duba sanarwar kamfanin kafin ka ce daɓe ya fashe.

Kafin ka saya, yanke inda za ka fita. Mai jarin naira 500,000 da ya yarda ya yi asarar kashi 2 cikin ɗari, naira 10,000 ke nan. In zai saya a 52 ya fita a 47, kowane hannun jari yana ɗauke da haɗarin naira 5, saboda haka guda 2,000 zai saya, ba fiye ba. Ƙara da kuɗin dillali, na hukumomi da haraji, waɗanda shiga da fita kan iya cin kashi 3 cikin ɗari ko fiye. Suna rubuce a takardar cinikin da dillali ke turo maka. Wanda ke bin ƙa'idar Musulunci ya tace sunayen tun farko da jerin kamfanonin ma'aunin NGX Lotus Islamic.

Sai dai farashin fita ba alkawari ba ne. A NGX hannun jari ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa a rana guda. Idan mummunan labari ya fito, masu sayarwa kan yi layi ba mai saye, ka sa odar sayarwa ta kwana ba a ɗauka ba. Kwana uku a jere na irin wannan ya cinye kusan kashi 27 cikin ɗari. Shi ya sa kafin ka shiga, buɗe teburin oda a manhajar ka ga nawa masu saye suke nema a farashi uku na sama. In adadin da za ka saya ya fi wannan, rage shi.