Yadda ake zaunar da bakin tayar tifa a kan rim

Masu tifa da ke ɗibar yashi ta wajen Epe da Ajah, wannan naku ne. Sau nawa za ka ga an sa sabuwar taya tubles irin 315/80R22.5 ɗin nan, kwamfuresa na ta kuka amma iska na zurarewa ta gefe fuuu, taya ta ƙi kama rim, sai a ce wai injin mai faci ne ba ƙarfi. Yawanci ba daga nan matsalar take ba, so ake iska ta shiga da yawa a lokaci ɗaya.

Fara da rim tukuna. Kun san iskar Legas da gishiri, ga lakar damina, duk tsatsa ce maƙale a inda bakin taya zai zauna, ka sa burushin waya ka kankare tas. Sai ka dama ruwan sabulu mai kauri ka shafe bakin tayar ciki da waje har da gefen rim. Banda baƙin mai ko giris don Allah, cin roba suke yi.

Kwance ɗan ƙarfen nan na cikin bawul, wato inda ake sa wa taya iska, shi ke shaƙe hanyar iska. In taya ta daɗe a jibge bakinta ya tsuke, ka shanya ta a rana ta yi laushi, sannan ka zagaye tsakiyarta da bel ɗin ɗaure kaya ka ja, gefenta zai buɗo ya taɓa rim. Da ta fara riƙe iska ka tsaya ka sassauta bel ɗin, kar ka bari sai ta cika, zai iya tsinkewa ya zabge ka.

Ka yi amfani da dogon tiyo ka koma gefe, ba a leƙa taya tana shan iska. Idan geji ya kai psi 40 bakin bai zauna ba, sace iskar ka sake shafa sabulu, kar ka ce bari in ƙara kaɗan. Shi kuwa rim mai zobe, in ba kejin ƙarfe da za a sa tayar a ciki ko sarƙar ɗaure ta ni ban ma yarda a fara ba.

Masu watsa fetur cikin taya su ƙyasta ashana don bakinta ya zauna kuma, wallahi ganganci ne, wani lokacin yana yi amma ran da ya ƙi yi da fuskar mutum yake tafiya.

Akwai siririn layi zagaye da bakin taya, duba ka ga tazararsa da rim ɗaya ce ko'ina, ciki da waje. Sai ka mayar da ƙarfen bawul, ka cika daidai nauyin kayanka ba tare da ka wuce abin da aka rubuta a jikin tayar ba, ka yayyafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa.