Yadda na gyara sakatar ƙofar tandar burodi

Tandarmu ta ƙarfe ce, ƙirar Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna. Da sanyi ƙofar kan rufu ruf, amma wuta na kamawa sai sakatar ta cije, ko ta bar kafa ta sama, burodin da ke bakin ƙofa ya fito fari fat.

Zafi ke sa ƙarfe ya buɗa, ita kuwa sakatar turawa ba ta matse ƙofa, tare ta kawai take yi. Na kai wa wani mai walda a Tudun Wada, na ce, "Malam, hannu nake so mai juyawa." Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya goge harshen ya yi gangare, ta yadda ƙara juya shi, ƙara danne ƙofar. Ya so sa sifirin, na hana, don zafi kan kashe ƙarfinsa. Hinjin sama ma ya saki, muka ƙara washa.

Gwajin mai sauƙi ne: tanda na sanyi, ka maƙala takarda ka rufe. In ta zaro salin-alin, akwai kafa. Giris kuwa ƙonewa yake ya daskare, shi ya sa bakin fensir na goga wa harshen a madadinsa, don ya yi santsi.