Abin da za ka yi in ka ga saniya tana dalalar da yawu

Masu kiwo da masu turka a Zariya da kewaye, in ka wayi gari ka ga saniya ta ƙi cin abinci, jikinta da zafi, yawu na ta zuba kamar igiya kuma tana ɗingishi, to buɗe bakinta ka duba harshe da dasashi, ka ɗaga ƙafa ka leƙa tsakanin kofato, ka duba kan nono. In ka ga ƙuraje masu ruwa ko sun riga sun fashe sun bar jan miki, galibi ciwon baki da kofato ne, wanda makiyaya ke ce ma boru.

Tun kafin ka fara cigiyar magani, ware ta. Wurin kwananta daban, bokitin ruwanta daban, mai kula da ita ya wanke hannu da takalmi kafin ya shiga cikin sauran, don ciwon nan yana bin yawu da nono da kashi har da iska, kuma yana kama tumaki da awaki da aladu. Dan Allah kar ka kora ta kasuwa don gudun asara, wallahi haka ake ɗaukar ma bayin Allah ciwo a kai musu har garke, abin nan yana min ciwo sosai.

Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo shi, allurar oksi (wato oksitetrasaiklin, maganin ƙwayoyin bakteriya) ba ta kashe shi, amfaninta kawai kar mikin ya ruɓe, shi ma likitan dabbobi ne zai faɗa maka nawa za ka yi. Kai naka shine wanke bakin da ruwan gishiri ko na kanwa mara ƙarfi, ka ba ta dusa jiƙaƙƙiya da ɗanyar ciyawa mai laushi da ruwa isasshe, ka tsayar da ita a busasshen wuri, ka hana ƙuda zama kan mikin ƙafa. Manya yawanci suna warkewa cikin sati 2 zuwa 3, maruƙa ne abin tsoro don yana taɓa musu zuciya su faɗi farat ɗaya. Nono kuwa a tafasa shi.

Masu dawakin hawan sallah, boru ba ya kama doki. Akwai wani ciwon mai kama da shi sak a nahiyar Amurka, ƙananan ƙudaje masu cizo ke yaɗa shi, shi ne ke kama doki da shanu da aladu, kuma ido ba ya bambanta su sai gwaji. Don haka in ka ga irin ƙurajen nan a bakin doki kar ka tsaya wasa, garzaya asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru.

Sabuwar dabba daga kasuwa a killace ta sati 3 kafin a haɗa, tunda boru kan ɓuya a jikin dabba har kwana 14. Akwai allurar rigakafi da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ka tambayi likita, kuma ana maimaita ta wajen duk wata 6.