Gem yana fita da kansa ko yana sarƙewa a kwamfuta? Ga inda za ka duba

Kafin ka ce kwamfutarka ta tsufa ko ka yi mata fomatin, tsaya ka lura da yadda matsalar take zuwa, don yanayinta shi ke nuna inda ciwon yake. Gem ɗin da ke rufe kansa ya mayar da kai desktop daban, wanda ke tafiya sumul sai an ɗan jima ya fara jan ƙafa daban, in kuma kwamfutar ce gaba ɗaya ke ɗaukewa ɗif kamar an zare waya toh wannan ma zancensa daban.

Mu fara da mai jan ƙafa bayan an ɗan jima, shi ya fi yawa musamman a laftop, kuma galibi zafi ne. Furosesa in ya doshi digiri 95 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don kar ya lalace, katin girafik ma haka yake yi in ya haura 80 da ɗoriya. Sauke MSI Afterburner ko HWiNFO, manhajojin da ke nuna zafin na'ura, duk kyauta ne, ka bar shi a kunne kana buga gem ɗin kana kallon lambar. In zafin ne sai a buɗe a kaɗe ƙurar da ta toshe fanka, a daina ɗora laftop kan katifa ko bargo, in kuma ta kwana biyu a canza man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi don bushewa yake yi. Sannan don Allah ka jona caja, laftop a kan batir ba ta sakin ƙarfinta duka ko da batirin a cike yake. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne laftop da yawa katin girafik biyu gare su, ƙarami na cikin furosesa da babba na Nvidia ko AMD, sai Windows ya ɗora gem ɗin kan ƙaramin kai kana can kana zagin kamfani. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka zaɓi gem ɗin ka sa shi a High performance.

Mai rufe kansa kuwa fara da fayilolinsa. A Steam ka danna dama a kan gem ɗin, Properties, Installed Files, sai Verify integrity of game files, zai duba wanda ya lalace ya sake sauke shi kawai, a Epic ma akwai Verify a ƙarƙashin Manage. Bai yi ba? Toh direban katin girafik, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin. Ka sauke shi daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel kai tsaye, in kuma daga ranar da ka sa sabo ne abin ya fara ai sai ka koma tsohon, ba kowane sabon direba ne alheri ba gaskiya. Akwai wata manhaja DDU, ana kunna ta a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ta share tsohon direba tas kafin a sa wani. In saƙo ya fito cewa babu MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll, Visual C++ Redistributable ne babu, wato fayilolin Microsoft da gem ke dogaro da su, ka ɗauko shi a shafin Microsoft ka sa na x64 da x86 duka biyun. Kar ka kuskura ka sauke dll ɗaya tilo daga shafukan nan marasa asali, ta nan bairos ke shigowa. Ka kashe oberlen Discord da na Steam ma, wato ɗan allon da suke ɗorawa a kan gem, ka gwada. Har yanzu shiru? Rubuta Reliability Monitor a wurin bincike na Windows, zai nuna maka lokacin da gem ɗin ya faɗi da sunan fayil ɗin da ya jawo.

Sarƙewa ta ɗan daƙiƙa ɗaya tana sakewa yawanci memori ne ya cika. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka leƙa Performance. Ram 8GB ya yi wa yawancin manyan gem na yanzu kaɗan, balle ga burauza a buɗe da shafuka rututu, 16GB shi ne kwanciyar hankali. Katin girafik mai memori 4GB kuma ka sa Textures a Ultra ai dole ya shaƙe, sauke shi zuwa Medium, rage Shadows, kashe Ray tracing, kunna FSR, ko kuma DLSS in katinka Nvidia RTX ne, duka biyun sauƙaƙa wa kati aiki suke yi. Gem ya zauna a SSD ba tsohon hadis mai juyawa ba. In kuma yanzu ka sa sabon direba ka ga yana ɗan tsinkewa, yi haƙuri, shedas yake sake haɗawa, wato ƙananan umarnin da kati ke zana hoto da su, zai lafa.

Ɗaukewa ɗif a daidai lokacin da wasa ya yi zafi, in ba zafin na'ura ba ne toh ka zargi akwatin wuta na cikin kwamfutar, wato PSU, ya gaza ciyar da katin. Cire duk wani obakulok, wato ƙarin gudun da aka sa wa na'ura fiye da na kamfani, ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kashe XMP mai ƙara wa ram gudu ka gani.

Wanda kuma yake buga na intanet yana ganin abokan wasa suna ɓacewa suna bayyana alhali FPS ɗinsa, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, lafiya lau, wannan ping ne, wato jinkirin intanet, kwamfutar ba ta da laifi, ya jona waya maimakon Wi-Fi ya zaɓi sabar da ta fi kusa da shi. Duk wanda za ka gwada cikin waɗannan, canza abu ɗaya tak ka buga gem ɗin a daidai wurin da yake faɗuwa kafin ka taɓa na gaba.