Shotlet ko otal a Gombe: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar bukukuwa sun kankama a Gombe, musamman bayan ƙaramar Sallah da cikin Disamba, wayata ba ta hutawa. 'Yan uwa daga Kano da Abuja da Yola kowa a nema masa masauki, kuma yanzu duk shotlet ake so, wato gida da kayansa da ake kamawa haya na 'yan kwanaki, wai ya fi otal araha da sakewa. Haka ne, in kun kai ku takwas, ga falo ga kicin, mata su dafa abin da ransu ke so. Sai dai otal yana da ma'aikata da ɗakuna da yawa, in wannan ya lalace a mai da kai wancan. Shotlet kuwa mutum ɗaya ne da wayarsa. Ranar da ya kashe ta, ba ka da wurin kai kuka.

Babban kuskuren shi ne tura kuɗi gaba ɗaya saboda hoto. Lokacin bikin ƙanwarmu, Yaya ya ga wani gida a Instagram, labule har ƙasa, kujeru sai sheƙi suke, an ce a Tumfure yake. Daga Abuja ya tura kuɗin kwana huɗu cif. Dangin ango suka iso daga Kano bayan isha'i, da tsofaffi da goyo, na kai su ƙofar gidan, maigadi ya leƙo ya ce ai da mutane a ciki tun shekaranjiya. Ashe wanda aka biya dillali ne, mai gidan bai ma san da zancen ba. Na kira Yaya na ce, "Yaya, sunan wa ka gani a asusun da ka tura?" Ya yi shiru. Daren nan daga aljihuna aka biya ɗakunan otal, kuɗin dillali kuwa sai a guntu-guntu suka dawo, bayan an haɗa shi da manyan unguwarsu.

Haba jama'a, ko akuya ba a saye a hoto! Ni ƙa'idata, sai wani nawa ya shiga gidan da ƙafarsa ya kira ni ta bidiyo, ya buɗe famfon banɗaki ina kallo, ya kunna esi na ji ƙararsa. Sannan na ba da kashi ɗaya cikin uku, ragowar sai makulli ya shiga hannu. Ranar shiga da ranar fita da jimlar kuɗi a rubuto su ta WhatsApp. In sunan asusun ya bambanta da na mai magana da ni, ina son jin dalili. Wasu na cewa na cika ƙa'ida. Su ce.

Na biyu, wuta. Ana ce maka "akwai wuta dare da rana" sai ka washe baki, ba ka tambayi wace iri ba. In ta NEPA ce, ko layin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, alƙawarinsa awa 20 ne a rana, ba 24 ba, kuma alƙawari ne kawai. Waɗanda suke Gombe a Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, sun san yadda gari ya koma cikin tsakiyar zafi. In sola ce, yawancin inbatar da ake sawa a irin gidajen nan fanka da fitila da talabijin take ɗauka, ba ta ja esi, kuma batir mai rauni kafin asuba ya mutu. In janareto ne, wa zai sayi mai? Wa zai tashe shi ƙarfe ɗayan dare? Katin mita fa, a kan wa? Sau da yawa sai ka shiga za ka ga mitar tana ƙyafta jan ido, a ce ai baƙo ne ke lodawa. Ka haɗa wannan da kuɗin mai, arahar ta gudu. Otal ma ka tambayi awannin da suke kunna inji, don wasu sai yamma, amma dai su suna raba kuɗin gas a kan ɗakuna da yawa.

Ruwa: ka tambaya ko akwai burtsatse da tanki, don akwai unguwannin da sai an kira tanka ko 'yan garuwa.

Kuɗin ajiya na ɓarna: ɗauki bidiyon gidan kana shiga, har da tsagar gilashin tebur, in ba haka ba kai ka fasa.

Sunan unguwa ma yana ruɗi. Tumfure faɗi gare ta, wani gidan sai ka bar kwalta da nisa, da damina ko mai Keke Napep ba ya yarda ya shiga. A turo maka wurin a taswirar waya.

Kada kuma ka ce ku huɗu ne ka kwaso goma sha biyu. Wannan laifinka ne, ba na mai gida ba.

Wanda zai sauka a filin jirgin Lawanti ya kwana ɗaya ya wuce, ko mace ita kaɗai da za ta iso cikin dare, otal nake tura su, ba na ma tsayawa shawara. Masu jinya a asibitin koyarwa na tarayya da za su yi mako biyu suna dafa wa mara lafiya, su ne shotlet ya dace da su. Su ma nakan ce su biya kwana biyu tukuna, kuma su riƙe lambar wani otal na kusa a waya.