Janareta na ruri amma ba wuta: inda za a duba

Injin janareta juyi kawai yake bayarwa. Wutar kuwa tana fitowa ne daga abin da Maikel Faraday ya gano a 1831: idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai taso a cikinta, da ya tsaya kuma sai ya ɗauke. Yawan naɗin, ƙarfin maganaɗisun da saurin juyi su ke ƙayyade yawan bolt, wato ƙarfin wutar.

A ƙananan janaretoci masu burushi, ɓangaren da ke juyawa, wato rota, shi ne maganaɗisun, amma sai an ba shi wuta yake zama hakan. Wutar tana shiga ta burushi biyu na kabon da ke gogar zobba biyu, AVR kuma, wato na'urar daidaita bolt, shi ke daidaita ta. Naɗin da ke kewaye da rota ba ya motsi, daga nan wuta ke fita.

Fara da mai sauƙi: cire duk kayan da ke jone, ka duba breka. Sannan ka saurari injin. Rota mai kan maganaɗisu biyu sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin a samu 50 Hz, wato saurin kai-komon wutar, mai kai huɗu 1,500. In gudu ya ragu, wuta ma raguwa take yi.

Kashe injin, ka buɗe murfin baya. Burushin da ya cinye har ya daina danna zobe, a sauya shi. Zoben da ya yi baƙi a goge shi da samfefa mai laushi. Zare wayoyin AVR daga burushi, ka ɗora mitar auna lantarki kan zobban. In ta nuna kamar ba haɗi sam, wayar rota ta tsinke, sai mai naɗi.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ragowar maganaɗisu. Ƙarfen rota yana riƙe ɗan kaɗan bayan an kashe, da shi ake samun 'yan bolt na farko da AVR zai kama ya haɓaka. Doguwar ajiya, ko yawan kashe injin da kaya a kai, na iya gusar da shi. Gyaransa: wayoyin AVR na cire, ka tayar da injin, ka taɓa batir mai bolt 12 a kan burushin na daƙiƙa biyu zuwa uku, jar waya a inda jar AVR take. Kada a kuskura a yi haka AVR na jone, yana iya ƙonewa. A kuma kiyayi hannu, rota na juyawa.

In mita ta nuna wuta a soket lokacin da batir ke kan burushin, naɗin da ke fitar da wuta na aiki. Kashe, mayar da wayoyin, sake tayarwa. In har yanzu shiru, mai yiwuwa AVR ne ya mutu.